Zumuncin Aiki a Cikin Waya: Yadda Malaman Jami'o'in Arewacin Kamaru da Chadi ke Neman Juna

Malamin da ke koyarwa a Jami'ar Marwa, idan aka gayyace shi taron ƙara wa juna sani a Yawunde kuma aljihunsa bai kai na jirgin sama ba, sai ya wuni a mota ya ratsa Garwa zuwa Ngaundere, tafiyar kusan kilomita 500, sannan ya kwana a jirgin ƙasa kafin gari ya waye masa a babban birnin. Haka zai sake yi a dawowa, duk saboda jawabin da ba zai wuce minti 20 ba da kuma 'yar gaisawar da za a yi a bakin zaure. Daga wannan nisa ya kamata a fara duk wata magana a kan yadda malaman manyan makarantunmu suka rungumi kafafen sada zumunta, domin wanda ke zaune inda manyan farfesoshi da ɗakunan karatu da ofisoshin ma'aikatar ilimi suke, waya ƙari ce kawai a gare shi, amma a wurin malamin Marwa ko Garwa ko Abeshe ita ce sau da yawa hanya ɗaya tilo ta jin abin da ake ciki a fanninsa.

Jami'o'in wannan yanki ba su daɗe ba. Ta Ngaundere ta tsaya da ƙafarta a 1993, shekarar da gwamnati ta sauya fasalin ilimi mai zurfi ta mayar da jami'o'in gwamnati shida. Ta Marwa ta zo a 2008, ta Garwa kuwa sai a 2022. A tsallaken kogi, Jami'ar Injamena ta girme su duka tunda an kafa ta a 1971, sai dai sauran na Chadi 'yan baya-bayan nan ne. A ƙarshen 2018 gwamnatin Kamaru ta ba da sanarwar ɗaukar masu digirin dakta 2,000 aiki cikin shekara uku, aka rarraba su jami'o'i. Abin da wannan ya haifar shi ne sassa cike da matasan malamai, manya kuma 'yan ƙalilan, ta yadda mutum kan iya samun kansa shi kaɗai ne a duk harabar makaranta ke nazarin abin da yake nazari. Babu wanda zai karanta masa daftari ya ce nan ka yi kuskure, babu wanda zai ce masa mujalla kaza na neman maƙalu.

Wannan kaɗaici yana taɓa albashi kai tsaye. A Kamaru, malami ba ya hawa daga matakin farko na asistan zuwa na gaba, har ya kai farfesa, sai kwamitin tuntuɓa na jami'o'i da ake kira CCIU ya duba takardunsa, kuma abin da ya fi nauyi a ciki shi ne ayyukan da ya wallafa da ɗaliban da ya duba wa bincike. A Chadi da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci akwai hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 take da mazauni a Wagadugu, tana irin wannan tantancewa. Wallafa kuwa ba ta samuwa ga wanda bai san kowa ba: ana buƙatar abokin rubutu, da wanda zai zo ya zauna a kwamitin jarraba ɗalibinka, da wanda zai rubuta maka takardar shaida idan kana neman tallafin bincike. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a aikin jami'a jinkar nan ita ce ƙarin girma.

Ba da zuwan waya aka fara wannan nema ba. Tun 1984 akwai ƙungiyar masu bincike a kan yankin Tafkin Chadi mai suna Méga-Tchad, wadda ta riƙa haɗa masana harshe da tarihi da al'adu ta hanyar tarurruka da 'yar mujallar sanarwa ta takarda. Marigayi Eldridge Mohammadou, masanin tarihin lamidodin arewacin Kamaru, ya yi aikinsa a Garwa sannan ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a Maiduguri, inda ya rasu a 2004. Mutanen wancan zamani da ƙafa da wasiƙa suka yi zumuncinsu, saboda haka waɗanda suka samu shiga ba su da yawa. Abin da waya ta canja shi ne ta rage kuɗin shiga, har ƙaramin malamin da bai taɓa fita ƙasar ba ya iya tura wa marubucin littafin da yake koyarwa da shi tambaya, amsa ta zo masa kafin la'asar.

Idan ana maganar kafafen sada zumunta a tsakanin malamanmu, a gaskiya kaso mafi tsoka WhatsApp ake nufi, kuma dalilan a fili suke. Ba ta cin data sosai, saƙo yana jira har rezo ya dawo sannan ya tafi, tana aiki a ƙaramar waya, kuma duk wanda ya zauna a arewa a watannin da ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo, mai ba yankin wutar lantarki, ya san cewa kwamfuta takan mutu ta bar waya da sauran caji. Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya ƙarasa shigar da waɗanda ke ɗari-ɗari, domin ta nan aka riƙa tura wa ɗalibai darussa ta hannun delegensu, wato wakilan aji. Yau malami ɗaya yana cikin zauren sashensa, da na tsangayarsa, da na waɗanda aka ɗauka aiki tare, da na ƙungiyar ƙwadago, da na masu fanninsa na ƙasa baki ɗaya, ban da na ajujuwan da yake koyarwa. Tun 2022 zaure ɗaya na iya ɗaukar mutum 1,024, wato ya fi ƙarfin duk wani ɗakin taro da yawancin tsangayoyinmu ke da shi.

Amfanin waɗannan zauruka ba ƙarami ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba. A nan ake jin ranar rufe karɓar takardun ƙarin girma, a nan wani ke cewa yana neman maƙala kaza da ba ya iya biya, wani da ke karatu a Faransa ko Beljiyam ya sauko masa da ita. A nan ake samun wanda zai karɓi baƙo a tasha idan an tura mutum jarraba ɗalibi a garin da bai sani ba. Ƙarfin irin wannan haɗuwa ya fito fili a farkon 2022, lokacin da malaman sakandare na Kamaru suka shirya yajin aikin da aka sani da OTS ("On a trop supporté", wato mun yi haƙuri ya isa) galibi ta cikin wayoyinsu, ba tare da jiran shugabannin ƙungiyoyin da aka saba da su ba.

Sai dai zauren WhatsApp ya ɗauko ɗabi'un zauren gida gaba ɗaya, masu kyau da marasa kyau. Idan sakamakon ƙarin girma ya fito, saƙonnin barka sukan kai ɗaruruwa. Ranar Juma'a hotunan barka da Juma'a, ranar Lahadi na abokan aikinmu Kirista, sai sanarwar suna da ɗaurin aure da ta'aziyya, a tsakiyarsu kuma sanarwa ɗaya ta tallafin bincike da za a rufe bayan kwana biyar, wadda ta nutse babu wanda ya gani. Ba na cikin masu cewa a hana gaisuwa, domin wanda bai yi maka ta'aziyyar mahaifiyarka ba da wuya ka kira shi ya duba maka babi, kuma da wannan gaishe-gaishen ake ƙulla amanar da aikin ke hawa kanta. Maganin da na ga ya yi aiki shi ne raba gida biyu: zaure ɗaya na hira da zumunci, ɗaya kuma na sanarwa zalla wanda masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu a ciki.

Abin da ya fi wannan wuyar magani shi ne girma. An ɗauka cewa waya za ta daidaita babba da ƙarami, amma duk wanda ya zauna a zauren tsangaya ya san ba haka abin yake ba. Farfesa zai saka ra'ayi, sai a jero masa "Cher Maître" (ya malamina) da "ranka ya daɗe" da hoton tafi, ƙaramin malamin da ya ga kuskure a lissafin kuma ya ja bakinsa, saboda ya san mutumin nan na iya zama cikin masu duba takardunsa baɗi. A baki ana iya yi wa babba gyara cikin ladabi a gefe, a wuce wurin, amma a rubuce a gaban mutum 300 gyaran ya zama tozarci, kuma ana iya ɗaukar hotonsa a ajiye. Don haka muhawarar ilimi ta ainihi ba a babban zaure ake yin ta ba. Tana faruwa ne a ƙananan rukunoni na mutum biyar ko bakwai, sa'o'in juna, waɗanda suka yarda su karanta wa juna daftari su faɗi gaskiya. A ganina babban zaure kasuwa ne da ake haɗuwa a gane fuska, cinikin kuwa a rumfa ake ƙulla shi.

Akwai kuma wani gibi da ba a cika lura da shi ba, wanda ni a wurina shi ne zuciyar al'amarin. Duk abin da ake faɗa a WhatsApp a rufe yake, injin bincike ba ya ganinsa, kuma wanda ba shi da lambarka bai san kana duniya ba. Mai bincike a Dakar ko Ibadan ko Tromso ta ƙasar Norway da ke neman abokin aiki a kan kiwo a Adamawa ko ambaliyar kogin Logon ba zai shigo zaurenmu ba. Zai buga kalmomi a Google Scholar, ko ya duba ResearchGate da LinkedIn, ya tuntuɓi sunan da ya fito. Mun cika maƙil a inda mu kaɗai ke ganin juna, mun yi ƙaranci a inda ake nemanmu, sakamakon haka sai a yi ta bayar da ayyukan bincike a kan yankinmu ga mutanen da ke zaune nesa da shi, mu kuma a ɗauke mu masu rakiya da tafinta.

Kowace daga cikin waɗannan kafafe na fili da aikinta. Google Scholar yana tattara abin da mutum ya wallafa da waɗanda suka kafa hujja da shi, amma ba ya nuna shafin malami a sakamakon bincike sai an tabbatar da shi da adireshin imel na jami'a, alhali da yawanmu har yau da adireshin Yahoo ko Gmail muke aiki, ko don makaranta ba ta bayar ba, ko don wanda ta bayar ba ya buɗuwa. Wannan ƙaramar matsala ce da shugabannin jami'o'i za su iya kawarwa cikin mako guda, kuma ta fi yawancin tarurrukan da ake kashe kuɗi a kansu amfani. ResearchGate da Academia.edu, waɗanda aka buɗe duka a 2008, kamfanoni ne masu neman riba, ko da yake sunan na biyun na sa a zaci na wata jami'a ne. Suna da amfani wajen sa a gan ka, amma ba rumbun ajiya ba ne, kuma ba kowace maƙala mawallafi ke yarda a ɗora a can ba. LinkedIn ya fi dacewa da masu fannonin noma da injiniyanci da lafiya da tattalin arziki, domin a can ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa da ke aiki a yankin Tafkin Chadi suke neman masana. Facebook kuwa wurin magana da jama'ar gari ne, ya fi kyau ga masanin tarihi ko harshe da ke son jin ta bakin mutane.

Matsalar suna ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta fi shafarmu fiye da wasu. Sunayenmu da rubutun Faransanci aka yi musu rajista, kuma kowane magatakarda da yadda ya ji: Mohamadou, Mohammadou, Mouhamadou, ko Ousmanou da Ousmane, a Najeriya kuma a rubuta Muhammadu da Usman. Yawancinmu ba mu da sunan dangi irin na Turawa, sunan mutum ne da na mahaifinsa, sai wata mujalla ta ɗauki na farko a matsayin sunan dangi, wata ta ɗauki na biyu. Ƙarshenta ayyukan mutum ɗaya su watse kamar na mutum uku, ko a haɗa nasa da na takwaransa da bai taɓa gani ba. Lambar ORCID, wadda aka fara bayarwa a 2012, an yi ta ne don irin wannan: lamba ce mai alƙaluma 16 da ke bin mai bincike duk inda ya wallafa, kyauta ce, ba ta buƙatar imel na jami'a, kuma yin ta ba ya cin minti goma.

Inda malami mai jin Hausa ke da rabon da abokan aikinsa ba su da shi kuwa shi ne kan iyaka. Marwa ta fi kusa da Maiduguri nesa ba kusa ba a kan Yawunde, Garwa da Yola kogi ɗaya ne ya ratsa su, Kuseri da Injamena gada ce kawai a tsakani. Amma ilimin da ake samarwa a waɗannan wurare a rabe yake gida uku, na Faransanci da na Ingilishi da na Larabci, kuma ba sa karanta juna. A ɗauki dawar rani da ake dasawa a ƙasar laka bayan ruwa ya janye: a Borno masakwa ake ce mata, a Diyamare, wato yankin Marwa, muskuwari, a Chadi berbere. Amfanin gona ɗaya ne, manoman ma dangin juna ne, amma ɗalibin da ya nemi rubuce-rubuce da suna ɗaya ba zai ga na sauran biyun ba, sai ya maimaita aikin da wani ya riga ya yi a nisan tafiyar wuni guda. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a jihar Arewa Mai Nisa daga 2014, zirga-zirga ta hanyoyin Banki da Gamboru ta yi wuya, ziyarar da malamai kan kai wa juna ta ragu ƙwarai.

A nan ne saƙon murya ya yi abin da takardar yarjejeniya tsakanin jami'o'i ta kasa. Malamin Garwa da Ingilishinsa bai nuna ba da takwaransa na Kano ko Zariya da bai san ko gaisuwa da Faransanci ba suna iya tattauna tsarin bincikensu da Hausa na tsawon sa'a, kowa ya fassara wa ɗan'uwansa abin da aka rubuta a ɓangarensa, su fitar da maƙala mai taƙaitawa cikin harsuna biyu. Haka abin yake da malaman Damagaram da Maraɗi. Mun saba ɗaukar Hausa harshen kasuwa da gida, Fillanci na unguwa, Faransanci na aji, har ba ma lura cewa a wannan sana'a Hausar jari ce da ke buɗe ƙofar jami'o'in da suka fi namu tsufa da yawan mujallu.

Inda mutane suka taru kuma, 'yan damfara ba sa nisa. Mujallun bogi suna bin malamai har cikin zaurukan WhatsApp da alkawarin wallafawa cikin mako guda idan an tura kuɗi ta waya, kuma sun fi kai hari gab da lokacin miƙa takardun ƙarin girma, lokacin da ido ya rufe. Jerin sunayen irin waɗannan mujallu da wani ma'aikacin laburare na Amurka, Jeffrey Beall, yake fitarwa ya daina fita a watan Janairu na 2017, don haka abin da ya rage wa mai hankali shi ne ya duba ko mujallar na cikin rumbunan da ake tantancewa kamar DOAJ ko AJOL na mujallun Afirka, ya kuma tambayi wanda ya taɓa wallafawa a cikinta. Akwai kuma cinikin "sa sunana in sa naka", wanda ke kumbura jerin ayyukan mutum ba tare da ya karanta abin da aka jingina masa ba, ranar da aka gano kuskure ko sata a maƙalar kuwa kowa da ke kanta ya shiga.

Ni kaina na taɓa tura daftarin wani aiki a babban zaure ina neman gyara. Gyara bai zo ba, amma bayan wasu watanni na ci karo da sakin layi uku nawa, har da kuskuren rubutun da na yi, a ƙarƙashin sunan wani. Ba ni da hujjar da zan kai gaban kowa sai hoton allon waya. Da na fara ajiye daftarin a rumbun HAL na Faransa ko a Zenodo, da an buga masa kwanan wata da kowa zai iya gani, kuma Zenodo har lambar shaida ta dindindin yake bayarwa kyauta.

Malamai mata suna biyan wani farashin na daban. Shiga zaure na nufin ɗaruruwan mutane sun samu lambarta, kuma saƙon da ya fara da neman shawara a kan darasi yakan koma kiran dare. Da yawa sukan zaɓi yin shiru ko su fice, ficewar kuma ta raba su da sanarwar da ake samun ci gaba da ita. Zauren da masu kula da shi ba su da ƙa'ida a kan wannan, ya rage wa kansa masana ne da hannunsa.

Sai kuma batun hukuma, wanda malamin jami'ar gwamnati ba zai manta da shi ba tunda ma'aikaci ne. Dokar Kamaru ta watan Disamba na 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗauri ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba, kuma tura saƙon wani gaba ma yaɗawa ne. Zaure mai mutum ɗaruruwa ba sirri ba ne, ko da an ce saƙonninsa a kulle suke. Ita kanta hanyar ana iya datse ta: yankunan Kamaru biyu masu amfani da Ingilishi sun yi wata uku babu intanet a farkon 2017, abin da ya shafi jami'o'in Buya da Bamenda, a Chadi kuma an toshe WhatsApp da Facebook da Twitter daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019, kimanin wata 16. A tsawon wannan lokaci malamin Injamena da duk hulɗarsa ke cikin zauruka sai ya sayi ƙarin data ya bi ta VPN, manhajar da ke zagaye toshewa, ko ya tsallaka gadar Ngeli zuwa Kuseri ya kama rezon Kamaru. A Chadi imel da shafukan mujallu da rumbunan ajiya ba su cikin abin da aka toshe, saboda haka waɗanda suka riga suka karɓi adireshin imel na abokan aikinsu, suka kuma ɗora ayyukansu a rumbu, sun ci gaba da aika daftari da karɓar gyara daga ofisoshinsu.